Abin da Mudu Ba Ya Aunawa: Nasiha ga Ɗaliban Kimiyya

Ƙannena maza da mata, musamman ku da ke karatun likitanci, haɗa magunguna, injiniyanci da sauran fannonin kimiyya, akwai wata magana da ko ba ku ci karo da ita a aji ba, za ku ci karo da ita a waya. Wai kimiyya ta riga ta gama bincike, ta gano babu komai a duniya sai ƙwayoyin zarra da ƙarfin da ke juya su. Wai tunaninka da ƙaunarka da tsoronka duk motsin sinadarai ne a cikin ƙoƙon kai. Wai ka zo duniya ne haka kawai, ba da nufin kowa ba, za ka ruɓe ka koma ƙasa, shi ke nan. Masu falsafa na kiran wannan aƙida maddiyanci, malamanmu na da kuma suna ce wa masu irinta Dahriyya. Idan matashi ya ji ta daga bakin mai farar riga da tarin digiri, ɗaya cikin biyu yakan faru: ko ya haɗiye ta ɗungurungum ya koma yana yi wa iyayensa kallon waɗanda aka bari a duhu, ko ya razana ya ɗauki kimiyya baki ɗaya abokiyar gaba. Duka biyun asara ne, kuma daga rami ɗaya suka fito: an kasa raba abin da aka gano a ɗakin gwaje-gwaje da ra'ayin da wani ya ɗora a kansa daga baya.

Mu fara da bai wa mai haƙƙi haƙƙinsa, domin wannan aƙida ba ta samu magoya baya a banza ba. Har yau akwai dattawa a garuruwanmu masu zanzana a fuska, shaidar agana, cutar da ta kashe mutane ba adadi. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, kuma da rigakafi aka kawar da ita. Zazzaɓin cizon sauro, wanda Turawa da kansu suka daɗe suna ɗora wa gurɓatacciyar iskar fadama, sai da wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majinyaci a Aljeriya a 1880, sannan Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. A da masana da yawa sun ɗauka sinadaran da ke jikin mai rai ba sa haɗuwa sai a jikin mai rai, sai ga Friedrich Wöhler a Jamus ya haɗa yuriya a ɗakin gwajinsa a 1828. Sau da yawa aka ce wannan abu ya fi ƙarfin bincike, sau da yawa kuma bincike ya kai gare shi. Wanda ya dubi wannan tarihi ya ce wata rana komai da komai zai shiga hannu, ba mahaukaci ba ne. Kuskure dai ya yi, kuma kuskuren yana da asali.

Asalin yana can farkon ƙarni na 17. A wani littafi da Galileyo ya fitar a Italiya a 1623, ya tsara wa masu bincike hanyar da suke bi har yau. Ya ce a mai da hankali ga abin da ke shiga lissafi: girman abu, siffarsa, adadinsa, motsinsa. Launi kuwa, da ɗanɗano, da ƙamshi, ya ajiye su gefe, ya ce waɗannan suna wajen mai ji da gani ne. Daga baya aka ƙara da ajiye tambayar "don me aka yi abu", aka riƙe tambayar "ta yaya yake aiki". Wannan shawara ce mai albarka ƙwarai, ita ta haifi duk nasarorin da na ambata. Amma ku lura, shawara ce ta aiki. Ba wani gwaji aka yi aka gano babu manufa ko babu daraja a duniya ba. Cewa aka yi mu jingine su mu ga iya inda za mu kai. Yanzu ku dubi mai awon hatsi a kasuwar Dawanau. Mudunsa zai gaya muku gero nawa ne a buhu, babu gardama. Idan wani ya bubbuge gindin mudunsa ya lotsa shi, da mudun kirki za a kama shi, a nuna ya rage wa mai saye kaza. Sai dai duk iya jujjuya mudun da za ku yi, ba za ku ga inda aka rubuta cewa tauye awo zalunci ne ba. Wannan sani daga wani wuri yake zuwa. Wanda ya ce tunda mudu bai nuna zalunci ba to babu zalunci, ya manta abin da aka ƙera mudu domin shi.

An taɓa gwada mai da wannan hanya ta aiki ta zama dokar dukan ilimi, kuma ya kamata ku san yadda aka ƙare. A shekarun 1920 wasu masana lissafi da falsafa suka riƙa zama a birnin Biyana, suka ɗauki matsayi cewa duk maganar da ba lissafi ba ce, kuma ba za a iya tabbatar da ita ta gani ko gwaji ba, to ba ta ma da ma'ana. Wani matashin Ingila, A. J. Ayer, ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1936, ya zuba maganar Allah da maganar kyau da muni duk a kwandon shara. Ba a daɗe ba aka yi wa dokar tambayar da ta kashe ta: ita kanta wannan doka, da wane gwaji aka tabbatar da ita? Babu. Ashe da wuƙarta ta yanka kanta. Shi Ayer da bakinsa, da aka tambaye shi a talabijin a shekarun 1970 mene ne babban aibin wannan tafiya tasu, ya amsa cewa kusan dukanta kuskure ce. Don haka duk wanda ya ce muku shi gani ya kori ji, ba ya yarda da komai sai abin da kimiyya ta tabbatar, ku tambaye shi cikin ladabi wace kimiyya ce ta tabbatar masa da hakan.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne a kan hayyacin ɗan Adam, wato abin da mutum ke ji a cikin ransa. Masu maddiyanci na da hujjoji masu nauyi a nan, kada ku raina su. Ƙwaƙwalwa na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma duk abin da ya taɓa su ya taɓa mutum. A 1848 wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, yana cusa albarushi a ramin dutse sai abin ya tashi, sandan ƙarfen da ke hannunsa ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta tsakar kansa. Ya rayu, amma likitansa ya ba da labarin cewa halinsa ya sauya, mai natsuwa ya koma mai zafin kai da ɗanyen baki. Allurar barci kafin tiyata tana kashe hayyaci kamar an kashe fitila. Da irin waɗannan hujjoji Francis Crick, ɗaya daga waɗanda suka gano tsarin ƙwayar gado a 1953, ya rubuta a 1994 cewa farin cikinka da baƙin cikinka da ganin da kake yi kana da zaɓi, duk ba kome ba ne illa aikin waɗannan ƙwayoyi. Abin da hujjojin suka nuna tabbas shi ne hayyaci ya dogara da ƙwaƙwalwa. Kalmar "ba kome ba ne illa" kuwa ƙari ce daga aljihun Crick.

Ku ɗauki ciwon haƙori. Likita zai iya bin sawunsa daki-daki: ramin da ya kai ga jijiya, saƙon da ya tashi daga muƙamuƙi, sashen ƙwaƙwalwar da ya karɓa, har da sinadarin da zai toshe hanyar. Duk wannan ana iya rubuta shi a takarda, kowa ya karanta. Amma a ce likitan bai taɓa ciwon haƙori ba tun da aka haife shi: ranar da ya fara kwana zaune riƙe da kumatu, ya san wani abu da babu shi a takardar. Jiki magayi. Me ya sa wannan zirga-zirgar saƙonni take zuwa tare da raɗaɗi, maimakon ta gudana shiru kamar wuta a cikin waya? Thomas Nagel, malamin falsafa a Amurka, ya ɗaga wannan tambaya a 1974 da misalin jemage: ko ka san komai game da yadda yake gane hanya da amsa-kuwwar kukansa, ba ka san yadda jemage ke jin kansa ba. David Chalmers ya sake fito da ita a 1995, tun daga nan ake kiranta matsala mai wuya. A 1998 wani ƙwararren masanin ƙwaƙwalwa, Christof Koch, abokin aikin Crick, ya sa caca da Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa. A watan Yunin 2023, a bainar jama'a a birnin New York, Koch ya amsa cewa an cinye shi. Kuma alamar kawai ake nema a cacar, ba a ma zo kan dalilin raɗaɗin ba.

Za a ce a ba kimiyya lokaci, ai haka aka ce game da rai kafin Wöhler. Mai yiwuwa ne a samu ci gaban da ba mu zata ba, kuma ba na so ku gina imaninku a kan giɓin da bincike bai cike ba tukuna, domin irin wannan gini ya sha rushewa. Sai dai tambayoyin biyu ba iri ɗaya ba ne. Abin da ake nema game da rai ayyuka ne da ake gani daga waje: girma, numfashi, haihuwa. Da an bayyana yadda suke gudana, magana ta ƙare. Hayyaci kuwa, ko an gama bayyana dukan ayyukan ƙwaƙwalwa, tambayar tana nan zaune, tunda shi ne ainihin abin da Galileyo ya ajiye gefe tun ranar farko. Wanda ya ce ba a warware ba tukuna amma ya tabbata za a warware ta hanyarsa, yana da damar riƙe wannan fata, amma ya kira shi fata. A wani jin ra'ayi da aka yi tsakanin malaman falsafa a 2020, kimanin kashi 52 cikin ɗari ne suka karkata ga cewa hankali abu ne na jiki zalla. Gida ya rabu kusan biyu. Shi Nagel kansa bai yi imani da Allah ba, amma a 2012 ya fitar da littafi guda yana cewa wannan hoto na maddiyanci kusan tabbas kuskure ne.

Maganar kyau da muni ta fi wannan kusa da rayuwarku, tunda gobe ku ne za ku riƙe allura da magani da injin. Buhun takin zamanin da manomi ke sa wa masara ya samo asali ne daga aikin Fritz Haber, wani masanin sinadarai na Jamus, wanda a 1909 ya nuna yadda za a kamo sinadarin naitirojin daga iska. Masana sun ƙiyasta cewa abincin kusan rabin mutanen duniya a yau ya dogara da wannan hanya. Shi wannan Haber ɗin ne kuma ya tsaya a fagen daga kusa da garin Ypres na Beljiyam, ranar 22 ga Afrilun 1915, aka buɗe bututun iskar kulorin fiye da tan 150. Hayaƙin, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, ya fi iska nauyi, don haka ya bi ƙasa ya gangara cikin ramukan da sojoji suka fake, ya cika musu huhu. Cikin waɗanda ya fara cimma har da sojojin Aljeriya da Faransa ta kwaso. Kulorin ɗin nan kuma shi ne ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin kwalara. Ilimi ɗaya, mutum ɗaya, kuma babu inda lissafin sinadarai ya yi kuskure a ɗaya daga cikin ayyukan. Tun 1740 David Hume, wanda shi kansa mai shakka ne a kan addini, ya lura cewa ba a fitar da "ya kamata" daga "haka abin yake". Masu bin Dawin za su ce tausayi da adalci sun samu ne domin sun taimaki kakanninmu su rayu a ƙungiya. A ɗauka haka ne. Da irin wannan bayanin ake bayyana ƙabilanci da ramuwar gayya da danne mai rauni. Labarin yadda hali ya samu ba ya gaya maka wanne za ka bi yau da safe.

Shaida mafi sauƙi cewa aƙidar daban take da binciken ita ce su masu binciken. A 1979 mutum uku suka raba kyautar Nobel a kimiyyar lissafin halitta saboda aiki guda. Ɗaya daga cikinsu, Steven Weinberg, bai yarda da samuwar Allah ba, shi ne ya rubuta a 1977 cewa gwargwadon fahimtar da muke yi wa sararin samaniya, gwargwadon yadda yake bayyana ba shi da manufa. Wani kuma, Abdus Salam na Pakistan, mabiyin Ahmadiyya, ayoyin Alƙur'ani ya karanta a jawabinsa na liyafar kyautar. Lissafinsu bai saɓa ko da ɗigo ba. Akwai kuma Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ɗan Beljiyam, wanda a 1927 ya nuna ta lissafi cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. Da Paparoma ya so ya mai da binciken hujjar halitta a 1951, shi Lemaître ne ya ƙi jin daɗin haka, yana ganin kada a ɗaure aƙida a jikin nazarin da gobe zai iya canzawa. Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye, mu da muke gaggawar liƙa aya a jikin kowane sabon labarin kimiyya.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya hango kurakuran nan biyu da na ambata a farko. A Al-Munƙiz minad Dalal ya bayyana cewa mutum kan ga ƙwarewar masana lissafi ta burge shi, sai ya ɗauka duk abin da suka faɗa a kan Ubangiji ma haka yake da ƙarfi, alhali gwaninta a sana'a ɗaya ba ta sa mutum ya zama gwani a wata. Ya kuma yi kakkausan suka ga masoyin addini jahili, mai ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, ya ce irin wannan ya fi maƙiyi ɓarna, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka.

Saura wata tambaya, wadda ta fi taɓa zuciya: shin mutum na iya samun ma'anar rayuwa ba tare da addini ba? A nan ma gaskiya za mu faɗa ko da ba ta yi mana daɗi ba. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kashi 37 cikin ɗari sun ce ba su da addini. A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta samu kashi 28 a rahotonta na farkon 2024, ko da yake mafi yawansu sun ce sun yarda da Allah ko da wani iko na sama. Waɗannan miliyoyin ba duka ke kwana cikin ƙunci ba. Suna renon 'ya'ya, suna jinyar iyaye, wasunsu na barin ƙasarsu su je aikin agaji inda ake annoba. Da Pew ta tambayi mutanen ƙasashe 17 masu arziki a 2021 abin da ke ba rayuwarsu ma'ana, iyali ne ya zo kan gaba a 14 daga ciki. Bertrand Russell ya rubuta a 1903 cewa duk abin da ɗan Adam ya gina zai hallaka tare da rana da taurari, don haka sai dai ya kafa gidansa a kan yanke ƙauna. Amma mutumin nan ya shiga kurkuku a 1918 saboda adawa da yaƙi, ya sake shiga a 1961, yana da shekara 89, saboda adawa da makaman ƙare dangi. Albert Camus, haifaffen Aljeriya, ya kamanta rayuwa a 1942 da hukuncin wani mutum a tatsuniyar Girkawa, mai tura dutse kan tsauni yana gangarowa har abada. Amma a daidai shekarun yaƙin ya shiga sahun masu yi wa mamayar Hitila turjiya, yana fitar da jaridar ɓoye. Duk wanda ya gaya muku marar addini ba shi da mutunci ko ba ya iya alheri, ƙarya ya yi muku, kuma ranar da kuka haɗu da na kirki a cikinsu wannan ƙarya za ta girgiza ku fiye da kowace hujja.

Abin tambaya shi ne a kan me suka jingina. Russell bai shiga kurkuku don ƙwayoyin zarra ba. Ya shiga ne domin ya ɗauka kashe bayin Allah a banza mummunan abu ne da gaske, ko duniya ta yarda ko ta ƙi. Camus ya ɗauka mutuncin ɗan Adam abu ne da ya cancanci a sa rai a kansa. To gaskiya, da adalci, da mutunci, da ƙauna, su ne fa abubuwan da maddiyanci ya ce babu su a jerin abubuwan da ke akwai. Ashe da jarin da aƙidarsu ta ce babu shi suke ciniki. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mutum shi ke ƙirƙirar ma'anarsa. Ku gwada ta a kan mai garkuwa da mutane da ke cikin daji, wanda ya gamsu da sana'arsa, yana da buri, yana da yara masu yi masa biyayya, yana jin shi wani ne. Idan ma'ana ƙirƙira ce kawai, da me za ku ce tasa ta gaza ta ungozomar da ta kwana tana karɓar haihuwa? Susan Wolf, wata malamar falsafa a Amurka da ba ta kafa hujjarta a kan addini ba, ta kai ga cewa sha'awa kaɗai ba ta isa, sai abin da kake ƙauna ya kasance ya cancanci ƙauna a kan kansa. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa da ya tsira daga sansanonin Hitila ya wallafa labarinsa a 1946, shi ma cewa ya yi ma'ana gano ta ake yi, ba ƙaga ta ba. Waɗanda suka bi maddiyanci har ƙarshen hanya, irin su Alex Rosenberg a littafinsa na 2011, sun fito fili sun ce babu manufa, babu zaɓi, babu kyau babu muni. Ina girmama rashin ɓoye-ɓoyensu, amma ban ga wanda zai iya tarbiyyar ɗansa a kan haka ba.

A nawa ganin, inda ma'anar da ba ta da Allah take yin rauni shi ne bakin kabari da gaban azzalumi. Tana riƙe mai lafiya, mai aiki, mai iyali. Me za ta ce wa uwar da ta binne 'ya'ya biyu a damina ɗaya, ko mutumin da aka kashe a gonarsa, wanda ya kashe shi kuma ya tsufa ya mutu a kan gadonsa? Iyakarta ta ce abin baƙin ciki ne, kuma babu wata kotu a gaba. Wasu masana biyu, Oishi da Diener, sun nazarci bayanan ƙasashe 132 suka wallafa a 2014 cewa mutanen ƙasashe matalauta sun fi na masu arziki jin rayuwarsu na da ma'ana, kuma riƙo da addini ne babban abin da ya bayyana bambancin. Mai adawa zai ce daɗin magana ba ya mai da ita gaskiya, kuma ya yi daidai. Rushe maddiyanci ma bai isa ya tabbatar da wani addini ba, ga Nagel nan shaida. Abin da ya yi shi ne ya cire shingen ƙarya da aka gitta, aka ce mai ilimi ba ya wucewa ta nan. Hujjojin imani karatu ne mai zaman kansa, kuma ba baƙo ba ne a wajenmu: ɗaruruwan shekaru ana karantar da Ummul Barahin ta Shehu Sanusi a zaurukan ƙasar Hausa, littafin da ke kafa tauhidi da hujjar hankali. Abin kunya ne ɗalibi ya kai matakin digiri a sinadarai, iliminsa na aƙida kuwa yana nan inda ya bar shi yana ɗan shekara goma, sannan ya yi mamakin ganin ɗaya ya kayar da ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Da yawan matasan da zuciyarsu ke sanyi da addini ba lissafi ne ya kore su ba. Sun ga mai wa'azi yana cin haƙƙin marayu, sun ga an zubar da jini da sunan Allah, ko sun yi tambaya tsakani da Allah aka daka musu tsawa aka ce sun kafirta. Idan abokinku ne a wannan hali, zagi da tsangwama da tona masa asiri ba za su dawo da shi ba, tabbatar masa za su yi da abin da yake zargi. Ku zauna da shi, ku saurare shi har ya gama. Idan kuma kai ne tambayoyin ke hana ka barci, ba kai ne farau ba; Gazali da kansa ya ba da labarin watannin da ya yi cikin shakka. Nemi malami mai ilimi da haƙuri, wanda tambaya ba ta firgita shi, ko kai Musulmi ne ko Kirista. In har abin ya kai ka daina jin daɗin komai, ko kana tunanin rabuwa da duniya, wannan ya wuce gardamar falsafa, ka gaya wa wani na kusa yau ɗin nan, ka ga likita.

Ku kuma kada wanda ya sa ku ja baya da karatunku. Muna da ƙarancin likitoci da masana ruwa da masana noma, kuma babu wata aya da za ta auna wa yaro adadin maganin da ya dace da nauyinsa. Ku ake jira ku iya. Amma daga yau, duk sanda kuka ji an ce kimiyya ta tabbatar da kaza, ko mai ƙaryata addini ne ya faɗa ko mai kare shi, ku tambaya: wa ya yi gwajin, a wace shekara, me aka auna, kuma da me aka auna shi? In an kawo amsa, ku karɓa ko da ta saɓa wa abin da kuke so. In ba a kawo ba, ku gaya wa mai maganar cewa ra'ayinsa ne ya faɗa, ku nemi ya kawo hujjarsa kamar kowa.